Motar da Ke Mutuwa Bayan Ta Haye Ruwa

Tun da na dawo daga Gobir ban samu na yi ɗinki cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya jawo benci ya ce in ba shi labarin Faranshi, kamar yadda tsofaffinmu na Katsina ke kiran Nijar. Wani abinci yake tambaya, wani jandarma, wasu kuma so suke su ji ko gaskiya ne motar Alhaji Mamman mai fata aljanu gare ta. Bakina ya gaji da maimaici. Ga labarin nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, in ci gaba da taka kekena.

Tsakiyar damina ce saƙo ya iso mana cewa Kawu Nomau, yayan mahaifiyata, yana kwance a Gidan Sori, jikin ya yi tsanani, kuma ba ya kiran kowa sai ƙanwarsa Hurera. Hurera ita ce Innata. Tun tana yarinya aka kawo ta Katsina aure, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, rabonta da shi kuwa tun ina goye. Da ta ji saƙon ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure kayanta a zane, ta zauna a kansu a tsakar gida ta ce, "Auta, ka kai ni in gan shi tun yana gane mutane."

Ni tela ne, abin da na mallaka mai taya keken ɗinki ne, shi ma tayarsa ɗaya. Na je wurin maƙwabcinmu Alhaji Mamman, ya ba mu aron tsohuwar jif ɗinsa mai ja da tayoyi huɗu, wadda yake shiga ƙauyuka sayen fata da ita, ya haɗa mu da direbansa Tanko. Kafin mu tashi Tanko ya buɗe gaban motar yana duba ruwa da mai, sai na hango wata laya mai kauri, ɗinkin jar fata, an rataye ta da waya a gefen injin, tana reto a saman kwayil, wato gwangwanin nan da ke ba fulogi wuta. Na kai hannu zan taɓa, ya buge mini yatsa.

"Kul. Mahaifin Alhaji ne ya ɗaura ta da hannunsa. Ta tsari ce. Ko makanike ba ya taɓa ta."

Na janye hannuna. Ban ga laifinsa ba, ni ma akwai tawa a aljihun keke.

Hanyar da kowa ke bi ita ce ta Jibiya zuwa Maraɗi, kwalta har can. Amma Inna ta ce sai mun biya Gangara mun ɗauki Hassu, ɗiyar Kawu da ke aure a can, don bai kamata ta shiga gidan ɗan'uwanta ta bar 'yarsa a baya ba. Saboda haka muka yi gabas, muka bi ta Kaita da Dankama.

A bakin iyaka na ɓangarenmu aka duba takardun mota aka sallame mu. A nasu ɓangaren muka tarar da jandarma, 'yan sandansu, a ƙarƙashin bishiyar bedi, sun kewaye rediyo kamar ana raba nama. Lokacin ana can Yamai ana babban taron ƙasa, wanda suke kira kwanfaransi, ana tuhumar manya a bainar jama'a, kowa na ji. Ɗayansu ya taso da ƙyar, kunnensa na baya. Ya sara mana tukuna, abin da ya sa na waiga in ga ko akwai wani babba a bayanmu. Ya karɓi takarduna da na Tanko, ya leƙa wurin Inna.

"Tsohuwa, ina kartinki?"

Ta juya masa kumatu, ta nuna tsagen Gobirawa da ya taho daga gefen baki har kunne. "Ga shi nan, ɗana. Gida za ni."

Ya yi dariya, ya waiwaya ya faɗa wa 'yan'uwansa wani abu da Faransanci, ya ɗaga mana gorar da aka tare hanya da ita. Ya ce wa Tanko katkat ɗinmu ta tsufa, mu yi hankali da ƙoramu, an sha ruwa kwanan nan. Daga nan har muka dawo ban ƙara jin an ce jif ba, katkat ce.

Ba mu yi nisa ba muka iske ƙorama ta farko, jan ruwa har gwiwa. Tanko ya sa giyar ƙarfi, ya shiga da bismillah, motar ta ratsa tana gurnani, ta hau tudu lafiya lau. Har na fara yaba ta. Mun ɗan taɓa tafiya kaɗan tsakanin gonakin gero sai ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan. In ruwa ne ya kashe ta, me ya hana ta mutu a cikin ruwan? Tanko ya ce fulogi ne suka jiƙe. Ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da gefen rigarsa, ya hura, ya shanya a kan bonet, ya buɗe tukunyar iska ya ga a bushe take. Muka zauna rana na dukanmu. Can ya mayar da komai ya murza makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

"Ka gani?" in ji shi. "Fulogi ne."

A ƙorama ta biyu ta sake yi, daidai irin na farko: ta haye, ta yi 'yar tafiya, ta mutu. Wannan karon fulogin a bushe suke ƙayau. Tanko ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce ai dama kafireto ne.

Da la'asar sakaliya muka shiga Gangara, muka yi tambaya har gidan mijin Hassu. Ya fito ya tarbe mu da murna, ya shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen Katsina ɗaya ɗaya har waɗanda bai sani ba. Sai da aka kawo ruwa muka sha sannan ya ce ai Hassu ta tahi tun ran kasuwa, amalanke ya kai ta Gazawa ta hau mota. Na kalli Inna, Inna ta kalli ƙasa. Duk wannan kewayen da ƙoramun, don mu ɗauki wadda ta riga mu isa.

A nan muka kwana. Mutanen kirki ne ƙwarai. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, na ce wane hatsin, suka dube ni da mamaki, don a wurinsu in an ce hatsi gero ake nufi, sauran duk bin baya suke. Fura kuwa, da suke ce wa hura, ba a tambayarka ko kana so. Ƙwarya ake dire maka, kana gamawa a ƙaro. Abin da ya fi ba ni wahala shayinsu ne. Ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, na daure na shanye na yi godiya na miƙe, sai maigidan ya riƙo rigata ya ce saura na biyu da na uku, tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Inna ba ta ci komai ba. Da na leƙa ta wurin mata ta ce, "Auta, gobe dai mu kwana Gidan Sori." Na ce in Allah ya yarda.

Washegari tsakanin Gangara da Gazawa akwai fadama. Kafin mu shiga Tanko ya cire bel ɗin fanka don kada ta watsa wa injin ruwa, ya ɗaura buhu a hancin motar, ya shiga a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta haye. Ya tsaya ya mayar da bel, muka tafi, muna cewa an gano maganinta. Ba mu kai ga wata bishiyar gawo da ke gabanmu ba ta mutu. Shanun wani mai amalanke ne suka ja mu har Gazawa, Inna na zaune a gaba tana jan carbi, mutane na fitowa kallo.

A garejin Gazawa na ga dimokuraɗiyya da idona. Mu a gida soja na ta yi mana alkawarin mulkin farar hula, amma in makanike ya ce kafireto ne, kafireto ne, ba mai musu. A can kuwa da aka buɗe bonet sai jama'a suka taru, mai shayi, mai faci, wani malamin lakol, wato makarantar boko, da ke hutu, da wani dattijo da ya ce ya taɓa tuƙa motar kwamanda. Mai garejin, wani dogo da ake kira Usta Ila, ya ce delko ne, abin da mu muke ce wa distiributa, mai raba wa fulogi wuta. Malamin lakol ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba.

"Yanzu damokarasi a kai, kowa na da ta cewa. Ni na ce ruwa ta salansa yake shiga."

"Kai ka taɓa kwance mota?" in ji Usta Ila.

"Waɗanda ke Yamai sun taɓa riƙe ƙasa? Ga su can suna gyaranta."

Aka yi dariya, aka ba shi dama ya gama. Dattijon ya ce man fetur ɗin kwalba ne ake garwaya shi da ruwa. Mai shayi ya ce a tambayi mai motar abin da ya yi wa mutanen ruwa. Abin mamaki, maimakon a zaɓi magana ɗaya, sai aka yarda a yi wa kowa tasa, don kada ran wani ya ɓaci. Aka tsiyaye kafireto. Aka tace man da ƙyalle. Aka sa wa salansa tiyo aka lanƙwaso shi sama aka ɗaure a jikin ƙofar baya. Aka cika bakin kowane fulogi da giris. Usta Ila kuma ya aika asibitin garin aka samo masa safar hannu ta roba, ya huda kan yatsun, ya zura wayoyin delko biyar ta yatsu biyar, ya ja safar ta rufe kan delkon ruf, ya ɗaure da zaren roba. Ni da nake tela na yaba wannan aikin, ko ni na auna iyakar abin da zan yi ke nan.

Da ya zo kan kwayil, wanda shi yake kira bobin, zai naɗe shi da leda, sai layar ta tare masa hannu. Ya dubi Tanko. Tanko ya girgiza kai. Usta Ila ya ce, "Allah shi ba mu albarkacinta," ya naɗe gindin ya bar kan a buɗe, yadda ko ledar ba za ta shafi layar ba. Duk cikin taron nan da kowa ke da ta cewa, ba wanda ya ce uffan a kan wannan. Aka murza makulli ta tashi, kowa ya tafi yana cewa maganarsa ce ta yi aiki. Sai dai rana ta riga ta faɗi, fitilun motar kuma ba na amana ba ne, dole muka kwana a Gazawa.

Da safe muka hau kwalta. Na saki jiki, har na sayi dogon burodin nan nasu mai kama da sanda, na ɓalla wa Inna. Kusa da Agiye akwai inda hanya ta yi kwari, an shafe ta da siminti don ruwa ya bi ta kai. Ruwan bai fi rabin taya ba, amma wata babbar mota ta taho ta watsa mana shi har gilashi. Muka wuce. Na fara ƙirga bishiyoyi a zuciyata. Ta mutu.

Tanko ya fita ya zauna a bakin hanya ya dafe kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce masa motar da aka sa wa safa da tiyo da giris kamar amaryar da za a kai, me kuma take nema? Ya ce in na san abin da take nema in ba ta. Muka yi ta sa-in-sa har Inna ta leƙo ta taga ta ce mu ji kunya. Ya buɗe ya duba: safa a bushe, fulogi a bushe, tukunyar iska a bushe. Bai gyara komai ba, don ba abin gyarawa. Muka zauna kawai. Da aka jima ya murza, ta tashi. Wannan ya fi komai rikita ni. A da ina cewa gyara ne ke tashe ta, yanzu ga shi ta tashi ba a yi mata komai ba.

Muka wuce Cadawa da Maraɗi ba mu tsaya ba sai shan mai. Tun daga Tibiri na lura harshen Inna ya fara juyawa. Matar da na sani da Katsinanci duk rayuwata, sai ga ta tana nuna wata kuka tana cewa nan munka kwana da anka kai ni. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba, sai na ji kamar wata baƙuwa na ɗauko.

Bayan Tibiri muka sauka daga kwalta. Ruwa biyu ne tsakaninmu da Gidan Sori, in ji masu amalanke. Muka haye na farko, ta yi halinta. Wannan karon Inna ba ta zauna a ciki ba. Ta sauko da kanta, ta dogara sandarta ta zagayo gaban motar, karo na farko da ta leƙa cikin injin tun da muka baro gida. Ba ta san fulogi ba, ba ta san delko ba. Abu ɗaya ta gani.

"Wagga mi ce?"

"Layar Alhaji ce, Inna," in ji Tanko. "Ba a taɓawa."

Layar ta sha ruwa ta kumbura, ta yi nauyi, wayar ta saki, ta kwanta male-male a kan kwayil tana ɗigar da jan ruwa.

"Sunan Allah na ciki, kuka bar shi cikin laka? Kowace ƙorama kuna tsoma shi? Ba ku da tsoro?"

Kafin Tanko ya buɗe baki ta warware wayar, ta goge layar da bakin mayafinta, ta ƙulle a gefen zane. Tanko ya dube ni, na dube shi. Wa zai ƙwace abu a hannun tsohuwa? Ya goge kan kwayil ɗin da tsumma don laka, yana gunaguni cewa in wani abu ya same mu shi ba ruwansa. Ya murza makulli ba tare da ya sa rai ba. Ta tashi nan take.

Ruwa na ƙarshe ya fi duk na baya, har ya shigo ta ƙasan ƙofa ya jiƙa mana ƙafafu. Tanko na salati, ni ina salati. Muka haye. Na jira tarin. Muka wuce gona, muka wuce wata, muka wuce garken shanu, motar na tafiya abinta. A nan abin ya faɗo mini. Jiƙaƙƙiyar fata ce ke kwanciya a kan kwayil tana janye wutar. Kafin ta jiƙe ta yi nauyi mun riga mun haye, in zafin injin ya busar da ita kuma sai motar ta tashi, a ce gyaran wane ne. Na faɗa wa Tanko. Ya ce shi bai ji ba, kuma kada in kuskura in faɗa wa Alhaji haka. Har yau yana cewa safar Usta Ila ce ta kama daga baya. Wataƙila duk sun taimaka, ni dai ga abin da idona ya gani.

Da yamma muka shiga Gidan Sori. Hassu ce ta fito ta rungume Inna. Na ji tana cewa, "Shina da rai, Gwaggo. Amma da kin zaka shekaranjiya. Shekaranjiya da kanshi ya ce a share miki ɗaki. Tun jiya ya bar gane mu."

Shekaranjiya muna tsakanin Dankama da Gangara, muna shanya fulogi a kan bonet.

Na bi ta cikin ɗakin. Kawu na kwance a kan gadon kara, ya rame har ba a ganin tudunsa a cikin bargo, tsagensa irin nata sak. Inna ta durƙusa ta kama hannunsa ta ce, "Yaya." Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta. Fuskarsa ta saki, har ya yi murmushi.

"Iya, kin dawo daga rijiya?"

Iya mahaifiyarsu ce, ta rasu tun kafin a haife ni. Hassu ta matso za ta gyara masa, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Na dawo, Nomau."

"Ina Hurera? An ce an kai ta Katsina. Ba ta zaka ba?"

Inna ta gyara masa bargo ta ce, "Tana bisa hanya. Ruwa ya tare ta."

"To in ta zaka a ba ta hura. Tana son mai nono da yawa."

Hassu ta fita tana share ido, ta dawo da ƙwarya. Inna, wadda tun Katsina ba ta sa wani abin kirki a cikinta ba, ta karɓa ta zauna a gabansa ta shanye tas, yana kallonta yana gyaɗa kai. Ni dai na kasa tsayawa, na fita na je na jingina da motar na yi kukana.

Mun bar Inna a can, kuma bayan 'yan kwanaki Kawu ya cika, Allah ya jiƙansa. Layar na dawo wa Alhaji da ita a bushe, na yi mata sabon zare na rataye ta a madubin cikin mota, na ce masa Inna ce ta ce nan ya fi mutunci. A dawowa mun ratsa ruwan Gidan Sori duka biyu ba ko tari.

Masu zuwa shago, bayan sun gama dariyar safar hannu da kwanfaransin gareji, tambayarsu ta ƙarshe ɗaya ce: to kun dai same shi? Nakan ce mun same shi da rai. In suka ce alhamdu lillahi, ashe kun isa a kan lokaci, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da ɗinki, don wannan har yau ban san amsarta ba.